Wa zai riƙe asibitocin Falasɗinu? Tambaya kan renon shugabanni a fannin lafiya

Hajiya Binta, ma'aikaciyar jinya, Jidda

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida iyayena da yayyena da abokan aiki da ke wannan zaure. Ina karatun digiri na biyu a fannin gudanar da harkokin lafiya, kuma aikin da aka ɗora mini a wannan zango shi ne in yi rubutu a kan yadda za a reni shugabanni daga sassa daban-daban na ma'aikatan lafiyar Falasɗinu, waɗanda za su iya ɗaukar nauyin gyaran tsarin lafiyar ƙasar. Na kawo maganar nan ne saboda na san a cikinmu akwai waɗanda suka daɗe suna aiki tare da likitoci da masu jinya Falasɗinawa a asibitocin Saudiyya, kuma sun ji abubuwa daga bakinsu waɗanda ba a samunsu a takarda.

Abu biyu ne suka tsaya mini a rai. Na farko, kafin Oktoban 2023 akwai asibitoci 36 a Zirin Gaza, kuma da wuya a nuna ɗaya daga cikinsu da yaƙi bai taɓa ba. A Gaɓar Yamma kuwa ma'aikatan gwamnati sun shafe shekaru ba sa karɓar cikakken albashi. A irin wannan hali, ashe maganar horar da shugabanni ba abin jinkirtawa ba ce har sai an samu magani da wuta da ruwa? Na biyu, mu a Najeriya idan aka ce a raba muƙamai yadda kowa zai samu wakilci, ƙabila da addini da shiyya ne ke zuwa mana a rai. Falasɗinawa kuwa harshensu ɗaya ne, mafi yawansu Musulmi ne tare da Kiristoci 'yan tsiraru, to wane bambanci ne ake son a ga ya bayyana a cikin shugabanninsu na lafiya? Duk mai masaniya ya taimaka mini, Allah ya saka da alheri.

Dokta Aminu, likitan yara, Makka

Wa alaikumus salam, Hajiya Binta, Allah ya ba da sa'ar karatu. Zan ɗauki tambayarki ta biyu, domin sai an san yadda tsarin ya samo asali sannan za a gane rabe-raben da ke cikinsa.

Daga 1967 zuwa 1994 asibitocin gwamnati na Gaza da Gaɓar Yamma suna ƙarƙashin mulkin sojan Isra'ila ne, babu wata ma'aikatar lafiya ta Falasɗinawa. A tsawon waɗannan shekaru mutane ba su zauna sun naɗe hannu ba. Dokta Fathi Arafat, ƙanen Yasser Arafat, ya jagoranci kafa ƙungiyar Red Crescent ta Falasɗinu a 1968 a wajen ƙasar. Dokta Haidar Abdul Shafi ya kafa wata ƙungiyar Red Crescent a Gaza a 1972, kuma shi ne daga baya ya shugabanci tawagar Falasɗinawa a taron neman zaman lafiya na Madrid na 1991. A 1979 wasu likitoci matasa, cikinsu har da Mustafa Barghouti, suka fara shiga ƙauyuka a ranakun hutunsu suna duba marasa lafiya kyauta, aikin da ya girma ya zama ƙungiyar agajin lafiya da ta horar da matan karkara su kula da lafiyar ƙauyukansu. A 1990 Dokta Iyad Sarraj ya buɗe shirin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Gaza. Ga hukumar UNRWA ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda tun 1950 take kula da 'yan gudun hijira da nata asibitocin sha-ka-tafi, ga kuma asibitocin coci da na ƙungiyoyin sadaka irin su Augusta Victoria da Makassed a Gabashin Ƙudus. Saboda haka lokacin da aka kafa Ma'aikatar Lafiya a 1994 bayan yarjejeniyar Oslo tsakanin Isra'ila da Falasɗinawa, aka ba Dokta Riyad Za'anun riƙonta, ta tarar da hukumomi da suka girme ta, kowacce da shugabanninta, da masu ba ta kuɗi, da yadda take ajiye bayanan marasa lafiya. Har yau ma'aikatar tana ɗauke da aiki biyu masu karo da juna, domin ita ce ta fi kowa yawan asibitoci, kuma ita ce ake son ta sa wa sauran ido ta shimfiɗa musu ƙa'ida. Duk gyaran da aka tsara a ofishin minista ba tare da mutanen UNRWA da na ƙungiyoyin sa kai da masu asibitocin kuɗi ba, zai tsaya ne a ƙofar asibitocin gwamnati.

Akwai kuma bambancin inda aka yi karatu. Falasɗinawa ba su samu makarantar koyon likitanci tasu ba sai a 1994, lokacin da Jami'ar Al-Quds ta buɗe tata a Abu Dis, daga baya aka samu wasu a Nablus da Gaza. Manyan likitocinsu na yau a Masar da Jordan da tsohuwar Tarayyar Sobiyet da Romaniya da wasu ƙasashe suka yi karatu. Na taɓa zama a sashe ɗaya da wasu daga cikinsu, wannan ya fito daga Alƙahira, wancan daga Rasha, kuma a kan yaro ɗaya mai ciwon haƙarƙari sai ka ji kowa yana kare irin maganin da malamansa suka saba da shi. A nan Saudiyya ƙa'idar asibiti ce ke raba gardamar. A can sai an samu wanda duka ɓangarorin ke ganin girmansa kafin a rubuta ƙa'idar ma.

Amma a ganina babu rabuwar da ta kai ta wuri nauyi. Tun Yunin 2007, lokacin da Hamas ta karɓe iko a Gaza, harkar lafiya ta zama mai kai biyu, ɗaya a Ramallah ta Gaɓar Yamma ɗaya a Gaza, har aka wayi gari a asibiti guda wasu ma'aikata suna karɓar albashi daga wannan hukuma wasu daga waccan. Likitan Gaza ba ya isa Ramallah sai da takardar izinin Isra'ila, wadda sau da yawa ba ta fitowa, ta yadda shugaban masu jinya na Khan Yunis a Gaza da takwaransa na Jenin a Gaɓar Yamma za su iya kai wa ritaya ba su taɓa haɗuwa ba, in ba wani taro ya kai su Amman ko Alƙahira ba. A cikin Gaɓar Yamma kanta, yankin da ake kira Yankin C ya kai kusan kashi 60 cikin 100 na ƙasar, kuma Isra'ila ce ke da ikon ba da izinin gini a cikinsa, shi ya sa makiyayan Masafer Yatta da na Kwarin Jordan suka dogara da asibitin tafi-da-gidanka. Asibitoci shida na Gabashin Ƙudus kuma suna aiki ne ƙarƙashin dokokin Isra'ila, alhali yawancin marasa lafiyarsu da ma'aikatansu sai sun ratsa shingayen bincike kafin su iso. Mutumin da bai taɓa jiran motar ɗaukar marasa lafiya a shinge ba, shi ne zai zauna ya tsara cewa a haɗa ƙananan asibitocin haihuwa uku wuri guda domin rage kashe kuɗi, a takarda kuma tsarin zai yi kyau. Naɗa Dokta Majid Abu Ramadan, likitan ido kuma tsohon magajin garin Gaza, a matsayin ministan lafiya a Maris ɗin 2024 yana nuna an san da wannan matsala, sai dai ana bukatar irin wannan wakilci a matakin daraktocin sassa da na larduna, inda ake yanke shawarwarin yau da kullum. Abokan aikina Falasɗinawa da kansu suna kokawa cewa a wannan matakin jam'iyya da wasɗa, wato alfarmar sanayya, sukan riga cancanta isa.

Malama Hadiza, ungozoma, Madina

Likita, Allah ya ƙara sani, ka yi mana bayani mai gamsarwa a kan tarihi. Sai dai ina neman afuwa, domin duk sunayen da ka lissafa likitoci ne kuma maza ne, kuma wannan shi ne abin da nake son Hajiya Binta ta duba da kyau. Rabuwar Gaza da Ramallah ba ta hannun ma'aikatan lafiya, ba kuma su ne za su ɗinke ta ba. Rabuwar da ke tsakanin likita da sauran ma'aikata a cikin asibiti ɗaya kuwa tana hannunsu, za su iya fara gyara ta gobe da safe ba tare da neman izinin kowa ba.

Duk wanda ya yi aiki a asibiti ya san yadda taron safe yake. A wani asibiti da na taɓa aiki, likitoci ne ke zama a kewayen tebur, shugabar masu jinya kuma a kujerar jikin bango da littafinta a cinya. A cikin wannan littafi ne ake samun yawan gadajen da babu kowa, da kwalbar jarirai da ta lalace, da ma'aikaciyar da ta kwana biyu a jere tana aikin dare, da maganin da zai ƙare kafin Alhamis. Ba a waiwayarta sai an gama magana ana shirin tashi, a ce, "Sista, akwai wani abu?" Ita kuwa ta san an riga an yanke hukunci, sai ta ce babu komai. Ƙawayena Falasɗinawa a ɗakin haihuwa sun ce mini haka abin yake a wurinsu, kuma mu 'yan Najeriya ba baƙi ba ne ga wannan rigima, tunda mun sha ganin yajin aikin JOHESU, gamayyar ma'aikatan lafiya waɗanda ba likitoci ba, da martanin ƙungiyar likitoci ta NMA a kan wanda ya cancanci shugabancin asibiti. Ba ina kiran a ɗauko wannan faɗa a kai Falasɗinu ba ne. Ina cewa ne wanda bayani yake hannunsa a ba shi kujera da ƙuri'a.

Kuma suna da misalai nasu na gida da suka nuna abin yana yiwuwa. Daga 2013 Ma'aikatar Lafiya, tare da ƙungiyar NORWAC ta ƙasar Norway, ta fara wani tsari a Gaɓar Yamma inda ungozomomin asibitocin gwamnati ke fita zuwa ƙauyukan da aka ware musu, su yi wa mata awon ciki a asibitin ƙauyen, sannan su bi su gida bayan haihuwa. Abin da ya fi burge ni shi ne an koya wa ungozomomin tuƙi, suka samu lasisi, aka ba su motoci, domin kada aikin ya tsaya a jiran direba. Matar da ta saba karɓar umarni a ɗakin haihuwa ta koma tana tsara ranakunta, tana yanke shawarar wadda za a tura babban asibiti, tana tattaunawa da dattawan ƙauye, tana lissafin hanyar da za ta bi idan an rufe shinge. Babu wani kwas na mako guda da zai koya mata abin da wannan nauyi ya koya mata. Haka ita ma UNRWA, daga 2011 ta sake fasalin asibitocinta, ta raba iyalai ga ƙananan rukunoni na likita da mai jinya da ungozoma, kowane rukuni da iyalan da ya sani, maimakon mara lafiya ya riƙa yawo daga wannan layi zuwa wancan. A irin wannan rukuni ne ake gane mai iya riƙe mutane tun yana ƙarami a aiki.

Za a iya ce mini ai mace ta riƙe ma'aikatar baki ɗaya, kuma gaskiya ne. Dokta Mai al-Kaila, wadda ta taɓa zama jakadiya a Chile da Italiya, ita ce ministar lafiya daga 2019 zuwa 2024, a hannunta aka yi annobar korona. Amma Hajiya Binta, idan kina son ki auna gaskiyar lamarin, kada ki tsaya a kujerar minista. Ki nemi sanin mata nawa ne ke shugabantar asibiti ko ofishin lafiya na lardi, masu jinya da masu haɗa magunguna da ma'aikatan ɗakin gwaji nawa ne ke cikin kwamitin kasafin kuɗi, kuma ƙarfe nawa ake sa tarukan da ake yanke manyan shawarwari, domin taron da ake kira bayan la'asar ya riga ya cire uwar da 'ya'yanta ke jiranta a bayan shinge.

Alhaji Garba, akantan asibiti, Riyad

Ni ba likita ba ne, ba kuma mai jinya ba, aikina lissafi ne, don haka ku yi haƙuri in kawo maganar kuɗi, wadda ba a cika son ji ba. Kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin shigar Hukumar Falasɗinawa haraji ne na kayan da ake shigowa da su, wanda Isra'ila ke karɓa ta miƙa mata bisa yarjejeniyar Paris ta 1994. Tun 2019 Isra'ila take zaftare wani kaso, wani lokaci ta riƙe kuɗin gaba ɗaya, kuma tun ƙarshen 2021 ma'aikatan gwamnati suke karɓar albashi ba cikakke ba. Daga cikin abin da ya rage wa Ma'aikatar Lafiya, kaso mai tsoka yana tafiya ne wajen biyan asibitocin da ba nata ba, waɗanda take tura wa marasa lafiyar da ba ta da kayan kula da su. Shekara da shekaru mai cutar daji da ke bukatar a gasa masa ciwon da na'ura, daga Rafah ta Gaza yake ko daga Jenin, Augusta Victoria aka riƙa tura shi. Ma'aikatar ta tara bashin waɗannan asibitoci da na kamfanonin magani, su kuma sukan kai ga kasa sayen maganin da za su ba wanda aka turo musu. A nan ne gyaran tsarin lafiyar Falasɗinu zai yi nasara ko ya faɗi: wace cuta ce ta fi arha a gina sashenta a gida, wacce ce gara a ci gaba da turawa, nawa za a biya a kan kowace tiyata, kuma wa zai binciki takardun kuɗin da aka kawo. Wannan aiki na masu ilimin tattalin arzikin lafiya ne, da masu sayen kaya, da masu kula da rumbun magani, da injiniyoyin na'urorin asibiti, kuma ban cika ganin an sa su a jerin waɗanda za a horar su zama shugabanni ba.

Game da horon kansa, ina da shakku a kan irin wanda masu ba da tallafi suka fi so. A 2008 hukumar USAID ta Amurka ta fara wani babban shirin gyaran fannin lafiya tare da ma'aikatar, wanda ya ƙunshi horar da shugabanni da kuma shigar da bayanan marasa lafiya cikin kwamfuta a asibitocin gwamnati na Gaɓar Yamma. Ba na raina wannan aiki. Amma a 2018 gwamnatin Amurka ta yanke tallafinta ga UNRWA, ta janye dala miliyan 25 da aka ware wa asibitocin Gabashin Ƙudus, a farkon 2019 kuma USAID ta dakatar da ayyukanta a Gaza da Gaɓar Yamma. Shirin renon shugabanni da zai iya tsayawa saboda an canza gwamnati a Washington ba abin dogaro ba ne. Gara a zuba kuɗin a makarantunsu na gida, irin su cibiyar nazarin lafiyar al'umma ta Jami'ar Birzeit, wadda Farfesa Rita Giacaman ta yi fice wajen ginawa, kuma wadda malamanta suka taka babbar rawa a jerin maƙalun da mujallar Lancet ta buga a 2009 a kan lafiyar Falasɗinawa, da makarantar lafiyar al'umma ta Jami'ar Al-Quds, da cibiyar lafiyar al'umma ta ƙasa da aka assasa da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya da Norway.

Sannan ko an horar da mutum, me zai tarar idan ya koma ofis? A asibitocin gwamnati ɗaukar ma'aikata da sayen magani da yawancin kashe kuɗi suna hannun hedikwata ne. Daraktan da aka koya wa tsara kasafi amma ba shi da ikon sa hannu a gyaran injin wankin ƙoda sai ya rubuta takarda ya jira, ba da daɗewa ba zai ajiye takardar shaidarsa a durowa ya koma yadda ya saba. Mu nan muna gani da idonmu yadda ake haɗa asibitocin Saudiyya rukuni-rukuni a kowane yanki ana sakar musu iko, kuma ko a nan da kuɗi ke akwai abin bai zo da sauƙi ba. Malama Hadiza ta nemi kujera da ƙuri'a, ni kuma ina ƙara mata da ikon sa hannu.

Malam Usman, mai haɗa magunguna, ɗan Maiwurno mazaunin Jidda

Gaisuwa ga manya. Babu wanda ya amsa wa Hajiya tambayarta ta farko kai tsaye, kuma mu mutanen Sudan muna da abin faɗa a kanta. Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Khartum a Afrilun 2023, manyan likitoci da yawa sun koma Wad Madani, garin ya zama cibiyar jinya ta ƙasar. Da Madani ta faɗi a Disambar wannan shekara, cikin 'yan kwanaki kowa ya watse. A wata cibiyar lafiya da na sani a jihar Jazira, darakta ya tafi da makullin rumbun magani a aljihunsa, ba da mugun nufi ba, iyalinsa yake ƙoƙarin fitarwa. Sai da aka fasa kwaɗo. Wata mai jinya da wani mataimakin likita ne suka riƙe wurin. Ita ce ta tuna cewa allurar masu ciwon sukari za ta lalace idan firji ya mutu, ta sa aka kwashe ta a cikin kular sanyi aka kai gidan wani mai sola, shi kuma ya ɗauko littafin makaranta ya rubuta sunan kowane mai ciwon sukari da mai hawan jini da abin da ya rage masa na magani. Matasan unguwa, irin waɗanda suka kafa ɗakunan agajin gaggawa a garuruwa da dama, su ne suka riƙa samo man janareto. Babu ɗaya daga cikin waɗannan mutane da aka taɓa gayyata wani taron horar da shugabanni, kuma da an taɓa nuna musu yadda ake neman magani daga ƙungiyoyin agaji da yadda ake tantance wanda za a fara dubawa idan masu rauni suka yi yawa, da wasu rayuka sun tsira.

A Gaza abin ya fi haka tsanani, domin shugabannin kansu aka rasa. An kama Dokta Muhammad Abu Salmiya, daraktan asibitin Shifa, a Nuwamban 2023, ba a sake shi ba sai a Yulin 2024. Dokta Adnan al-Bursh, shugaban sashen ƙashi na wannan asibiti, ya rasu a kurkukun Isra'ila na Ofer a Afrilun 2024. An kama Dokta Husam Abu Safiya na asibitin Kamal Adwan a Disambar 2024, kuma an kashe Dokta Marwan Sultan, likitan zuciya kuma daraktan asibitin Indonesiya da ke Gaza, a wani hari ta sama a Yulin 2025. Kowanne daga cikinsu ya bar ma'aikata da marasa lafiya waɗanda dole wani ya tsaya a kansu washegari. Shi ya sa ban yarda a jinkirta maganar ba, Hajiya, ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da nake nufi da horo a irin wannan yanayi ba ya bukatar otal: kowane shugaba ya kasance yana da mataimaki na farko da na biyu da aka rubuta sunayensu, waɗanda suka san lambobin wayar masu kawo mai da iskar oksijin, suka taɓa jagorantar taron safe, kuma akwai kwafin bayanan marasa lafiya a hannun fiye da mutum ɗaya. A wurinmu a Sudan, Jami'ar Jazira ta yi suna wajen tura ɗaliban likitanci ƙauyuka tun suna ajin farko, kuma na lura waɗanda suka bi ta wannan hanya sun fi iya aiki da mutanen gari lokacin da hukuma ta ɓace.

Hajiya Binta, Jidda

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, Allah kuma ya kawo wa Sudan da Falasɗinu zaman lafiya. Akwai rukuni ɗaya da ba a taɓa ba, wato Falasɗinawan da ke aiki a waje, irin waɗanda muke tare da su a nan. Wasunsu sun riƙe manyan sassa a asibitocin ƙasashen Larabawa da Turai. Shin in sa su a cikin shugabannin da ake magana a kansu? Kuma ina fargabar cewa duk matashin da aka fitar domin ƙaro ilimi, da wuya ya koma.

Dokta Aminu, Makka

Ki sa su, amma ki san iyakarsu. Rajistar mazauna Gaza da Gaɓar Yamma tana hannun Isra'ila, kuma da yawa daga cikin abokan aikinmu na nan jikokin waɗanda aka kora a 1948 ne, masu fasfo ɗin Jordan ko takardar tafiya ta Masar ko Lebanon, waɗanda ba su da katin zama a ƙasar kakanninsu ko da suna son komawa. Wasu sukan shiga na ɗan lokaci, kamar Dokta Ghassan Abu Sitta, likitan tiyata mazaunin Ingila, wanda ya yi aiki a asibitocin Shifa da Ahli a makonnin farko na yaƙin Gaza a 2023. Amfaninsu mafi girma a ganina shi ne koyarwa, da zama masu jarraba waɗanda ke neman ƙwarewa ƙarƙashin majalisar likitocin Falasɗinu, da samo wa matasa gurbin horo a asibitocin da suke aiki. Shugabancin asibiti kuwa ya fi dacewa da wanda ya zauna a cikin wahalar, domin ma'aikacin da ya kwana yana tiyata da fitilar waya ba zai ji daɗin a ɗora masa wanda ya sauko daga jirgi jiya ba.

Fargabarki a kan rashin komawa tana da tushe, mu ma da muke wannan zaure shaida ne. Ɗaliban likitanci na Gaza da Pakistan da Afirka ta Kudu suka karɓa a 2024 domin su ƙarasa karatunsu za su fuskanci wannan zaɓi. Takardar alkawari kaɗai ba ta mayar da mutum gida. Abin da na ga yana aiki shi ne gajeren horo a kan wani fanni da aka riga aka tanadar wa mutum sashensa da muƙaminsa kafin ya tafi, kuma a tura mutum biyu ko uku daga asibiti ɗaya, domin wanda ya dawo shi kaɗai da sabon tsari tsofaffin ma'aikata sukan gajiyar da shi cikin shekara guda.

Malama Hadiza, Madina

Likita, idan za a tura mutum uku, don Allah kada dukkansu su zama likitoci. A Satumban 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka jikkata a Gaza, kimanin mutum 22,500 a lokacin, sun samu raunin da zai bukaci kulawa ta tsawon shekaru, cikinsu har da dubban da aka yanke wa hannu ko ƙafa. Yaron da aka yanke wa ƙafa yana shekara 6 sai an riƙa canza masa ƙafar roba yana girma, har ya zama saurayi. Wuraren da ke wannan aiki a Gaza kaɗan ne, cibiyar haɗa gaɓoɓin roba ta birnin Gaza da ƙungiyar Red Cross ke tallafa wa, da asibitin Hamad da Ƙatar ta gina aka buɗe a 2019. Masu gashin ƙashi da masu ƙera gaɓoɓi da masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa su ne za su ɗauki mafi yawan wannan nauyi, kuma idan ba su cikin kwamitin da zai tsara sake gina asibitoci, za a cika wurin da ɗakunan tiyata a bar su da ɗaki ɗaya a ƙarshen baranda. Hajiya Binta, akwai wata mai gashin ƙashi 'yar Nablus a asibitinmu, zan tambaye ta ko za ta yarda ku yi magana ta waya kafin ki miƙa aikin.